Hoton da Na Ɓare Daga Katin Sani

Samari, ku matso ku ji. Ni da kuke gani ina wankin babura a bakin tasha, da can mai ɗaukar hoto ne, kuma ba na kunyar faɗa: duk Yelwa ba wanda ya kai ni iya saita fuska. Ango ko amarya, ɗan makaranta ko mai neman aiki, kowa shagona yake zuwa. Ina da hannu, ina da baki, ga shegen son a yabe ni. Da wayoyi suka cika gari kowa ya zama mai hoton kansa, sai kasuwa ta ja baya, na koma zaman kashe ƙuda.

Ana cikin haka aka fito da katin shaidar zama ɗan gari, saboda baƙin fuska sun yi yawa, satar babura kuma ta ishi mutane. Ɗan kabu-kabu, mai tuƙa jirgin ruwa, mai fataucin kifi, kowa sai ya riƙe nasa, ya nuna wa 'yan sintiri a shinge. Tsarin ba wuya: mai unguwa ya shaide ka, a buga hatimi, ni in ɗauki hoto in manna, in rufe da leda, ka dawo ka karɓa. Aka ba ni aikin don an yarda da ni. Wallahi an yarda da ni, har katin da ba a zo karɓa ba a shagona ake barin sa.

Ɓarnar ta fara ne da abin da na kira taimako. Wani ya ce ƙanensa na gona ba zai samu zuwa ba, in manna tsohon hoto. Na manna. Wani ya ce mai unguwarsu ya yi tafiya, in duba masa. Na duba. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya tambaya, sai na ce ashe abin banza ne. Ɓera ma da ɗanɗano yake fara cin daddawa.

Sai ga wani baƙo, dogo mai tabo a goshi, ba ya son faɗar garinsu. Ya ce yana son kati mai hatimi na gaske, ba jabu ba. Na san ba mutumin kirki ba ne, kada wani ya ce muku ruɗa ta aka yi. Na buɗe akwatin katunan da ba a karɓa ba, na zaro na Sani. Sani matuƙin jirgi ne, yaro mai fara'a, yana jigila tsakanin Wara da ƙauyukan tsallake. Ya zo na ɗauke shi hoto, kafin ya dawo karɓa iska ta kife jirginsa a tafki, aka yi ta nema ba a ga gawarsa ba. Na ce a raina, matacce me zai yi da kati? Na sa reza na ɓare hotonsa, na jefa a kwata, na manna na mai tabo, na rufe da leda mai arha.

Bayan wani lokaci aka ƙwace babur a hanyar Shanga, ɓarawon ya tsere ta fadama, kati ya faɗi a cikin ruwan shinkafa. Ledata ta banza ta sha ruwa, fuskar ta wanke tas, amma suna da unguwa suna nan raɗau. 'Yan sanda suka bi suna har gidan mahaifiyar Sani a Wara, Inna Hauwa, mai bandar kifi. Suka ce ɗanta suke nema, ɓarawo ne.

Kun san abin da ta yi? Guɗa ta rangaɗa. Ta ce in dai ana neman sa, to yana raye.

Ranar kasuwa sai ga ta a ƙofar shagona, tsohuwa 'yar firit, zanenta na ƙamshin hayaƙi. Ta ce, "Ɗana, kai am mai hoto? An ce ga hannunka katin ga ya hito. Sani ya zo ya amsa da kainai? Ka ganai?"

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Amma in na ce bai zo ba, tambaya ta gaba ita ce wa ya karɓa. Na dube ta ido cikin ido, na ce, "Ya zo, Inna. Na gan shi."

Ta ce, "Shina lahiya? Bai rame ba?"

Na ce, "Lafiya lau, har da dariyarsa."

Ta zauna a ƙasa ta yi kuka, ta sa mini albarka har na ji kamar ana watsa mini ruwan zafi. Daga ranar ta hana a ƙara yi wa Sani addu'ar mamata a gidanta. Liman ya yi mata nasiha, ta ce ba a yi wa mai rai wannan addu'a. Dangi suka ce to ai ɓarawo ake kiran sa, ta ce, "Ko ɓarawo ne, nawa ne, ya dawo in yi mai hwaɗa." Ta rage banda, ta riƙa bin kasuwanni daga Wara zuwa Shanga tana leƙa fuskokin samari. Duk zuwanta Yelwa sai ta kawo mini busasshiyar tarwaɗa a takarda, ta ce in ya sake biyowa in ce masa Inna ba ta fushi. Ni kuwa in karɓa, in ci. Na ci kifin nan, samari, ban shaƙe ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aka kama mai tabo da wani babur, ya sha matsa, ya ce shi ne ya yar da katin Sani, ya kuma faɗi wanda ya yi masa. Aka zo aka tafi da ni da rana tsaka, kasuwa na kallo. Labari kuwa ya isa Wara a gurguje, cewa an kama mai katin Sani. Inna Hauwa ta dafa tuwon shinkafa da miyar kifi, ta ɗauko kwano, ta hau mota. Ina zaune a bayan kanta a ofishin 'yan sanda ta shigo tana murmushi, tana cewa a nuna mata ɗanta. Aka nuna mata mai tabo. Ta dube shi, ta juyo ta dube ni. Ba ta zage ni ba. Ta ajiye kwanon a hankali ta fita.

Alƙali ya ɗaure ni, kuma bai zalunce ni ba. Gidan yari akwai kwarkwata, akwai gabza, abincin fursuna, akwai zafi, duk na jure, don ni ba rago ba ne. Abin da ya hana ni sakat shi ne kwanon nan. A can na koma ga salla da gaske, na daina cewa talauci ne ya sa ni, don akwai waɗanda suka fi ni talauci ba su ɓare hoton kowa ba.

Da aka sake ni, ban fara zuwa gidanmu ba, Wara na nufa. Na same ta a gaban murhun banda, ta ƙara tsufa. Na durƙusa na ce, "Inna, ni ne mai hoto. Na zo neman gafara."

Ta daɗe tana juya kifi. Sannan ta ce, "Na yahe maka tun tuni, don in samu in yi ma ɗana addu'a da zuciya guda. Abu ɗaya nika so. Sani bai taɓa ɗaukar hoto ba sai wurinka. Wanda ka cire, ina ya ke? Ba ni shi, huskarshi ta fara ɓace mini."

Ban sake yi mata ƙarya ba. Na ce, "Inna, na jefa shi a kwata."

Ta ce, "To." Ta ci gaba da juya kifinta.

Don haka ku saurare ni, ni na san hanyar nan ƙarshenta. In an ba ku amanar sunan mutum, ko a kati ne ko a waya, ku riƙe shi kamar shi ne tsaye a gabanku. Kada ku ce ai takarda ce, kada ku ce ai mai ita ya mutu. Kowane suna yana da uwa. Na gama zaman da alƙali ya yanke mini, na tuba, ina cin halalina da soso da bokiti, kuma ba na sunkuyar da kai ga kowa a garin nan. Amma hoton Sani ba ni da inda zan samo shi.