Randunan Baba a Gindin Ruwa

Mahaifina masunci ne a Katagum, mutum mai taurin kai da ƙarancin magana. Idan rani ya yi kogin yakan janye, ya bar gurbi ɗaya mai zurfi a bayan gari. Ƙasan gurbin yashi ne fetal, kifi ba shi da maɓoya, shi ya sa taru biyu ke share shi tas.

Sai Baba ya shiga bin gidajen magina tukwane yana roƙon randuna da tulunan da suka tsage a wuta. Ya riƙa nitsar da su a gurbin, yana cusa rassan ƙaya a tsakani. Cikin 'yan shekaru karfasa ta dawo, kurungu da tarwaɗa suka samu ɗaki. Makankari, wata 'yar halittar ruwa mai ɓawo, ya cika laka a inda taru ba ya kaiwa. Inna takan tsinto shi, ta kai wa 'yan Kudu naman a kasuwar Azare, ɓawon kuwa mata su saya don kankare ƙanzo.

Ana nan, matar wani maƙwabci ta yi wanki a gurbin, ta koma gida ta yi ɓari. Wani ya yi nutso ya laluɓo bakin tulu. Kafin mako ya zagayo gari ya ɗauka: Baba asiri yake binnewa a ruwa. Aka daina sayen kifinsa, aka daina amsa masa sallama.

Lokacin ina aure a Azare, ina koyarwa. Da maganar ta iso gidan surukaina, kunya ta ishe ni. Na hau mota a fusace.

"Baba, ka fito da su kowa ya gani," na ce. "Sunanka ya fi kifi."

"Kifayen suna cikin ƙwai yanzu," ya ce.

Na sa masa kuka har ya yarda. Har yau ina jin haushin kaina a kan kukan nan.

Ranar da aka sa, aka taru a bakin ruwa, har da mai unguwa. Baba na nutso yana turo randa, ana jawo ta kan yashi, yana fasawa da taɓarya. Babu laya, babu ƙaho. 'Ya'yan kifi ne kawai, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, suna mutsu-mutsu a yashi mai zafi har su daina. Mutane na tattake makankari suna leƙe.

Da aka zo kan ta ƙarshe ya miƙo mini taɓaryar.

"Ke kika nema. Fasa."

Na fasa. Na juya ina duban jama'a, ina jiran wani ya ce a yafe masa. Wani dattijo ya kaɗe rigarsa ya ce, "Ai ya kwashe na cikin tun kafin mu zo."

Suka watse. Baba ya durƙusa yana tsintar masu sauran motsi yana mayarwa ruwa, bai ko dube ni ba.