Ranar da Kaka Ta Fito da Kayanta

Kakata, mahaifiyar babana, ba ta taɓa yarda a gaban mutane cewa muna da wani abu ba. Idan aka ce ragon gidan nan ya yi ƙiba, sai ta ce kumburi ne. Idan baƙuwa ta yaba jeren kwanonin ɗakinta, sai ta ce ajiyar mutane ce. Ni kaina da na fara tasowa na yi kumatu, duk wadda ta ce yarinyar nan ta yi kyau, sai Kaka ta tofa min addu'a a ka, ta ce ai jiya ma da zazzaɓi ta kwana. Tsoron baki take yi. A wurinta duk abin da aka gani aka yaba ya kama hanyar lalacewa, don haka ta shafe rayuwarta tana rufe alherin da Allah ya yi mata da tsofaffin zannuwa.

A Garwa muke, a unguwar Pumpumre, zamanin shugaban ƙasa na farko. Baba mahauci ne, yana sayo shanu tun daga kasuwar Bogo. Mu ba attajirai ba ne, amma ban san miya babu nama ba sai da na yi aure. Garin ma a wadace yake. Lokacin ba a gina madatsar ruwa a Lagdo ba, da damina kogin Binuwai yakan cika har jiragen ruwa su hauro su yi lodin auduga da gyaɗa, mu kuma mu tsaya a kan gada muna kallo. Masunta su kawo giwan ruwa wanda sai mutum biyu sun kama. Matan Fulani su shigo da hantsi da ƙwaryar kindirmo, su zauna a inuwar dogon yaro suna tsokanar mu da cewa Fillancinmu na mahauta ne. Duk wannan ban ɗauke shi a bakin komai ba a lokacin, don na zaci ko'ina haka yake.

Yayana shi ne na farko a zuriyarmu da ya gama lise, wato babbar sakandare, gwamnati ta tura shi Faransa karatun likitan dabbobi. Baba ya kusa fashewa don alfahari, ɗan mai yanka shanu zai dawo yana yi musu allura. Kaka kuwa, da ke kiran sa maigidana irin wasan kaka da jika, duk wanda ya tambaye ta sai ta ce yaron ya tafi yawon banza ne, ba a san ranar dawowarsa ba.

Sai shekarun fari suka zo. Ba zan yi ƙarya ba, an sha wuya, musamman can arewa da mu. Shanu sun mutu, mutane sun gangaro da 'ya'yansu suna neman inda za su sa kai. Shanun da Baba ke samu sun rame, ciniki ya ja baya. Amma kogi bai ƙafe ba, rumbunmu bai ƙare ba, kuma kullum da safe Kaka takan dama kunu a babbar ƙwarya ta fita ƙofar gida ta raba wa baƙin da suka sauka a unguwar. Ba ta yarda wani ya yi mata wannan aikin.

A cikin haka wata Baturiya 'yar jarida ta zo garin da na'urar ɗaukar hoto a wuya. Baba ya gan ta a kasuwa rana tana dukan ta, tausayi ya kama shi, ya gayyace ta cin abinci washegari. Da labari ya iso gida, Kaka ta miƙe kamar an ce gobara. Idon baƙo ɗaya ma yaya aka ƙare, balle mai na'urar da ke kwashe abu ta kai wa idon duniya? Ta sa aka kai ragon bayan ɗaki. Ta rufe jerenta da tabarma. Ta cire 'yan kunnenta na zinariya ta ƙulle a bakin zani, ta ɗauko wani tsohon zani da muke goge tukunya da ɗan'uwansa ta ɗaura. Innata ta ce, "Haba Iya, baƙuwa ce fa za ta zo." Kaka ta ce ai saboda baƙuwar ne.

Baturiyar ta yi sammako. Ta iske Kaka a ƙofar gida ta gama rabon kunu, tana zaune a gindin bango tana hutawa, ƙwaryar a gabanta babu komai. Nan take ta durƙusa ta ɗauke ta hoto. Ni ce mai jin Faransanci a matan gidan, ni na yi tafinta. Ta shigo, ta ci shinkafa da kifi har ta nemi ƙari, ta ci kilishin Baba hawaye na zuba don yaji tana dariya. Ta tambayi Kaka yaya rayuwa. Kaka ta ce, "Gaya mata muna nan dai, sai haƙuri." Na gaya mata. Ta ɗauki hotuna da yawa, har da na Inna tana kwashe abinci, ta yi godiya ta tafi. Mutuniyar kirki ce a yadda na gan ta, har yau ban san ko ita ta zaɓi hoton da aka buga ko manyanta ba.

Mun manta da ita. Sai bayan wasu watanni abokin Yaya, Bafulatanin unguwarmu da suke karatu tare, ya zo gida ta'aziyyar mahaifinsa. Da ya zo gaishe mu bai ko sha ruwa ba, ya zaro shafin wata mujalla daga aljihu ya miƙa wa Baba. Ga Kaka nan, shafi guda cur, a gindin bango, da tsohon zani da ƙwarya wayam. Baba ya ce in karanta abin da aka rubuta a ƙasa. Na fara karantawa a zuci tukuna. An ce tsohuwa ce a ƙasar yunwa tana jiran abin da za a ba ta. Matar da ta gama ciyar da rabin unguwa!

Abokin ya ce ba wannan ne ya kawo shi ba. Ya ce tun da Yaya ya ga hoton bai ƙara shiga aji da hankalinsa ba. Can Faransa kullum talabijin gawar shanu take nunawa, abokan karatunsa har sun fara tara masa gwangwanayen abinci ya aiko gida. Ya haɗa kayansa, ya ce ba zai zauna yana cin burodi da man shanu kakarsa tana bara ba. Zai bar karatun, ga shi saura shekara guda ya gama, ya dawo ya kama wuƙa tare da Baba.

Baba ya ce, "To ba ka gaya masa halinta ne ba? Ai ya san ta."

"Na gaya masa, Baba. Ya ce zanin bai dame shi ba, ya san zanin. Amma tun da aka haife shi bai taɓa ganin ƙwaryarta babu komai ba."

"Ka koma ka ce masa lafiya lau muke."

"Ya ce ko gidan ne ya rushe a kanku, lafiya lau za ku ce."

Gaskiya ya faɗa. Mu mutane ne da ba mu faɗin wuya, ba mu kuma faɗin daɗi, ga shi yau mun rasa bakin da za a yarda da shi. Baba ya fara faɗa, zai kai ƙara wurin hukuma, zai yi kaza. Inna ta bar shi ya gama, sannan ta ce hoto ne ya ɓata, hoto ne zai gyara. A kira mai hoton bakin kasuwa, a fito da komai, abokin ya koma da shi tunda jibi zai tashi.

Kaka ta ce atafau. Ta ce ita da ta ɓoye ma ga abin da ya same ta, ina ga ta baje kayanta a tsakar gida? Ta ce a ɗauki kowa ban da ita. Amma kowa ya san idan babu ita a ciki, Yaya zai ce ta kwanta ne ake ɓoye masa.

Ni ce na kasa haƙuri, dama an san ni da baki. Na ce, "Kaka, kina tsoron kada baki ya kama kwano, ga shi ya kama maigidanki. Kwanonin za su yi wa shanu allura ne?" Inna ta daka min tsawa. Kaka ta dube ni sama da ƙasa, ta shiga ɗaki ta saki labule. Na wuni ina jiran hukunci, ba ta ko kula ni ba.

Washegari da hantsi mai hoto ya zo da na'urarsa mai ƙafa uku. Muka jeru a tsakar gida, kowa da kayan salla, ba mu san ko za ta fito ba. Sai muka ji muryarta daga ɗaki: "Ke mai bakin nan, zo ki ɗauki wannan."

Na shiga. Ta yaye tabarmar. Ta sa na fito da kwanonin ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ni da na tashi a ɗakin ban taɓa gani ba, masu furanni ja da shuɗi, suna ƙyalli a rana. Ta sa aka jawo ragon. Ta sa Baba ya kawo faifan kilishi, aka jingina buhun gero a gefe. Sannan ta fito da kanta. Ta ɗaura wata atamfa da ta kwana shekaru a akwati, ta yafa mayafin da ta zo da shi daga Makka, zinariya a kunne, kwalli a ido. Ban taɓa sanin kakata kyakkyawa ce haka ba. Baba da ya gan ta sai ya juya baya yana gyara hula, ya daɗe yana gyarawa.

Ta zauna a tsakiya tana ta motsa baki da addu'a. Tsoro take ji na gaske, na gani da idona, kuma ta zauna. Mai hoto ya sa kai a cikin baƙin ƙyallensa, sai ta ɗaga hannu ta ce a dakata. Ta aike ni na ɗauko ƙwaryar nan, ta sa Inna ta cika ta da fura da nono har baki, ta ɗora a cinya. Ta ce da abokin Yaya, "Ka ce wa maigidana ya zauna ya gama abin da ya kai shi. In ya dawo hannu rabbana, ba ni ba shi."

Abokin ya tafi da hoton da ƙunshin kilishi. Baba da hannunsa ya naɗe kilishin a cikin shafin mujallar, ya ce aƙalla takardar ta yi wani amfani.

Wajen mayar da kaya, kwano ɗaya ya suɓuce wa Inna ya faɗi, fentinsa ya ɓare. Kaka ta ɗauka ta jujjuya, ta ce, "Kun gani ko? An fara." Daga ranar duk abin da ya faru a gidan, kaza ta mutu ko wani ya yi tuntuɓe, hoton ne. Amma ko sau ɗaya ba ta ce da ta sani ba.

Yaya ya kwance kayansa, ya zauna, ya gama. Sai dai Kaka ba ta ga dawowarsa ba. Da damina ta kwanta rashin lafiya, ciwon bai daɗe ba, Allah ya yi mata rasuwa saura kaɗan ya iso. Ranar da ya dawo, bayan masu yi masa sannu da zuwa sun watse, ya shiga ɗakinta ya tsaya a gaban jeren, ya daɗe. Na tambaye shi ko kwanonin ne suka sa ya yarda. Ya ce a'a, kaya kowa na iya arowa, kumatuna ya duba ya ga suna nan. Na kai masa duka, muka yi dariya, sannan ya ce abin da ya zaunar da shi shi ne ganin Kaka ta fito da kayanta rana tsaka. Ya san abin da hakan ya ci mata. Ya ce bayan wannan ba shi da fuskar da zai dawo babu takarda.

Na daɗe ina jin haushin Baturiyar nan. Har yau idan na ga an nuno mu a talabijin, daga ƙuda sai ƙashin haƙarƙari, nakan tambayi kaina me aka kai bayan ɗaki, me kuma mai na'urar ya ƙi juyawa ya gani. Amma da girma ya zo, haushin ya ragu, godiya ta fi yawa. Na gode wa Allah da ya tashe ni a gidan da ake da abin ɓoyewa. Na gode wa Kaka. Har Baturiyar ma na gode mata, don ba don ita ba, da kakata ta koma ga Mahaliccinta babu wanda ya san kamanninta sai a tsohon zani.

Hoton yana nan a bangon ɗakina, ya yi ja-ja don tsufa. Baƙi sukan tsaya su ce, "Kai, wannan tsohuwa ta ji daɗin duniya, dubi kaya." Duk lokacin sai in ji bakina ya ɗauko maganarta, zan ce ajiyar mutane ce. Sai in haɗiye, in ce, "Nata ne. Duka nata ne."