Mai Ɗumama Taya

Motar ta mu biyu ce, ni da wani Badamagare da muka haɗu a garejin da nake aiki a Hayyin Ashir. Shi fatauci ya kawo shi Alƙahira, yana sayen kayan gyaran mota yana aikawa gida. Ni kuwa karatu aka turo ni, na kasa, na koma kanikanci. Tun ranar da ya ji ni Bakano ne bai ƙara kiran sunana ba. Bawana yake ce mini, ni ma in ce masa bawana, kamar yadda Kanawa da Damagarawa suka gaji wasa.

Tsohuwar ƙaramar mota ce. Muka cire kujerun baya, muka yi mata waldar ƙarafa a ciki, muka shiga tseren hawan tsauni da ake yi a wata hanyar masu fasa dutse, gabas da birnin. A wannan tsere ba a tashi tare. Mota ɗaya ake saki ta hau ita kaɗai, agogo ne abokin karawarta. An yarda direba biyu su raba mota guda: na farko ya hau ya sauko, a canja lambar jikin ƙofa, na biyu ya karɓa. Amfanin na farko shi ne ya dawo da taya mai ɗumi, wadda ta fi kama kwalta, ya kuma faɗi inda yashi ya zubo. Ni ne na farko kullum. Ya fi ni hannu, kowa ya sani. Ni ma na sani, amma ban taɓa faɗa da bakina ba.

Zagayen ƙarshe na shekarar ya zo, Juma'a gwaji, Asabar gasa. Shi ne kan gaba da maki a rukunin tsofaffin motoci. Abin da ya rage masa kawai ya kai saman tsaunin, ko da tafiyar kunkuru, kofin nasa ne. Kuma ba shi da baɗi. Mahaifinsa ya tsufa, an kira shi ya koma gida ya riƙe shago, har ya sayi tikiti.

Bayan sallar Juma'a muna shan shayi a ƙarƙashin rumfa, sai wani direba Bamisire ya dubi allon da ake rubuta lokacin kowa, ya nuna ni da kofinsa, ya tambayi abokina, "Wannan ne daffayarku?" Haka suke kiran na'urar ɗumama ɗaki da sanyi. Aka yi dariya.

Abokina ya ce, "Yi masa uzuri, Bakano ne. Kowace kwana sai ya tsaya ya yi ciniki."

Na ce, "Mutumin da ya koyi tuƙi a bayan raƙumi ne zai faɗa mini?"

Ya ce, "Raƙumin ma ya riga ka kaiwa sama, bawana."

Mun sha yin wanda ya fi wannan zafi, mu ci ful, dafaffen waken Misirawa, a kwano ɗaya bayansa. Amma ranar a gaban baƙi ne, kuma Bamisiren ya maimaita kalmar har sau nawa. Na yi dariya tare da su, na kwana da abin a ƙirjina. Ina da wannan hali tun ina yaro, ba na nuna fushi, ajiye shi nake yi ya nuna.

Da safiyar Asabar shi ya ɗaure mini bel da hannunsa, ya ƙwanƙwasa hular kwanona. Ya ce, "Yalla, ɗumamo mini ita. Farin dutsen nan na kwana ta sama, ka taka birki a daidai shi. Iska ta zubo ƙura jiya."

Na ce, "An gama, sarkin raƙuma."

Motar ta tashi da daɗin da ban taɓa ji ba. Kwane-kwanen ƙasa na sha su sumul. A nan shaiɗan ya fara mini lissafi, ko da yake ban cika son ɗora masa ba, don muryar tawa ce. Na ce yau kaɗai, sunana ya hau saman nasa a allon nan, ya koma Damagaram da wannan a ransa. Na hango farin dutsen. Na gan shi sarai. Ƙafata tana kan totur, na bar ta a can.

Bayan motar ya zame a kan ƙurar, gabanta ya daki gefen tsaunin. Ƙafar gaba ta karye, lagireto ya fashe, ruwa yana zuba a kan kwalta yana tururi. Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Na sha tunanin da na karye ko da yatsa ne, da na sami abin da zan nuna.

A kan janwe aka sauko da ita, ni ina zaune kusa da direban. Abokina yana tsaye a bakin layi, ya riga ya sa kayan tsere, sabuwar lambar da za a manna a ƙofa tana hannunsa. Na sauko na fara cewa yashi ne, yashi ya yi yawa. Na manta cewa mutanen ƙasa ba sa ganin kwana ta sama, amma suna jin inji. Shi da ya haɗa injin nan da ni, ya san kukansa in an ɗaga ƙafa. Bai ji shi ba.

Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Alhamdu lillahi da ka tsira, Malam. Ma'alish, ba komai."

Ba a yarda a hau da motar aro ba. Kofin ya tafi hannun Bamisiren, wanda ya zo da kansa ya rungume abokina, ya ce masa shi ya cancanta. Ni bai ko dube ni ba.

Mun yi wa abokina walimar bankwana a unguwar Abbasiya. Ya zuba mini abinci, ya yi mini godiya a gaban jama'a, ya bar mini rabonsa na motar. Na so ya zage ni, ya ce Bakano ya sayar da shi. Har muka rabu bai yi ba. Ni kuma ban iya cewa na ga dutsen ba, sai bayan shekara, a waya. Ya ce, "Na sani. Khalas, ya wuce."

Motar tana nan bayan gareji, kyanwoyi suna haihuwa a ciki. Duk Sallah nakan kira shi. Bara na yi ƙarfin hali na ce, "Bawana, an sha ruwa lafiya?"

Ya ce, "Lafiya ƙalau, Malam. Ya iyali?"