Minti Ukun Baba Mai Lasifika

Ba wanda ya ɗaga ni a rayuwa. Daga aji uku na sakandare na fita, na koyi aikin wayar lantarki da hannuna, na buɗe shago, yau mutum goma sha ɗaya ke ci a ƙarƙashina. Na faɗi haka ne don a san ba kowa nake sunkuyar wa da kai ba. Wanda na sunkuyar wa ya rasu ranar Talata, sha huɗu ga Maris: Baba Mai Lasifika, da ya shekara ashirin yana kula da na'urar sauti a cocinmu.

Baba, yau zan tona abin da muka rufe.

Kowace Lahadi, da fasto ya gama wa'azi, kafin mawaƙa su ɗauka, sai sauti ya ɗauke ɗif. Minti uku cur. Mai jita ya yi ta kaɗawa ba amo, shugaban mawaƙa yana hura makirufo kamar mai hura gawayi. Dattawan ikkilisiya suka ce na'ura ta lalace, suka kira ni. Na bi waya ɗai-ɗai, na kwance akwatin na'urar, ban ga komai ba. Lahadi ta gaba na tsaya a bayanka, na ga yatsanka a kan maɓalli.

Ko waiwayowa ba ka yi ba, ka ce, "Injiniya, zauna. Tun safe muke yi wa Ubangiji magana. Ba za mu bar shi ya ce wani abu ba?"

Na zauna da niyyar in yi maka faɗa in an tashi. A cikin shirun nan ƙanena ya faɗo mini a rai, wanda na kora daga shago, na shekara huɗu ban gaishe shi ba. Washegari na tsinci kaina a ƙofar gidansa.

Na koma na ce wa dattawa ban gano matsalar ba. Shekara tara ina ɗauke da wannan abin kunya saboda kai. Sakataren coci, wanda ko ƙwan fitila bai iya sauyawa ba, ya ce a taro wai injiniyancina a baki yake. Na haɗiye.

To, mun ga jana'izarka. Lasifika shida, masu jawabi bakwai, kowa yana tsage maƙogwaro yana cewa kai mai son shiru ne. Shugaban mawaƙa ya yi kukansa a makirufo, ido ɗaya a kan masu ɗaukar hoto. Su ne fa suka riƙa cewa ka tsufa, hannunka na rawa. Mutanen da in an yi shiru na minti ɗaya sai su kama tari, su laluba aljihu neman waya, don tsoron abin da za su ji a zuciyarsu. Yanzu surukin shugaban mawaƙa suka ɗora a kujerarka, ana shirin tabbatar masa da ita, wai ya yi alkawarin sauti ba zai ƙara yankewa ba. Lahadi biyu ke nan bai yanke ba, ina fitowa daga sujada kamar na fito daga tashar mota.

Mama, matar Baba, ke da yara, Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya riƙe gidan. Baba, Yesu Almasihu ya karɓe ka cikin salamarsa, ya gafarta mana ƙaryar da muka yi wa dattawa, ni da kai.

Saura kai, Sakatare. Ɗauko littafin taro. Rubuta cewa na'urar nan ba ta taɓa lalacewa ba, ko sau ɗaya. A ƙasa ka rubuta sunana cikakke, cewa ni nake neman kujerar. Zan kashe sautin da hannuna a gaban kowa, wanda bai iya zama ba ya fita waje ya yi tarinsa.