Aduwar Gumsu Mai Baƙaƙen 'Ya'ya

Kafin rana ta yi zafi, Gumsu ta riga ta durƙusa a bayan mahautar Diffa tana wanke tumbi da hanji. Aikinta ke nan tun ba ta da furfura, da shi take ci. Wari kuwa, kai, ba a magana!

A shekarun da baƙar leda ta cika gari, ta fara tsintar wani curi mai tauri a tumbin awaki: leda ce ta dunƙule da takardar magi da zaren buhu. Dabba ga ciki tim, amma tana ramewa. Wasu jefarwa suke. Ita sai ta wanke, ta shanya, ta rataye a busasshiyar aduwar da ke bakin hanyar kasuwa. A hankali aduwa ta yi baƙaƙen 'ya'ya, suna lilo a kan duk mai wucewa da cefane.

Sarkin pawa Abatcha ya fusata. "Gumsu, kina kashe mana kasuwa! Ki sauke, ko ki bar wurin nan."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ni na ba su suka ci ba. Nunawa kawai na yi."

Ya sallame ta. Da tsufanta ta tafi tsinkar tattasai a Chétimari, bayanta na ciwo, amma ko curi ɗaya ba ta sauke ba. Wallahi na tausaya mata, na kuma zata ta yi wauta.

Sai ga ragon layyar Alhaji Usmanu ya kwanta ana gab da Sallah. Shi ne mai shagon nan ɗan Damagaram da ko ashana ka saya sai ya sa maka a leda. Aka yanka, aka ciro curi kamar kan jariri. Da hannunsa ya kai mata. "Iya, rataya wannan. A bayan shagona ya yi kiwo." Shi ya je ya roƙi Abatcha har aka maida ta aiki.

Ke ce, Gumsu, kika rataye mana abin kunyarmu a inda ba mu iya kauda kai. Gagara-kora, mun gode. Allah ya saka.

Bana ciwon gwiwa ya sa ta ajiye aiki. Na tambaye ta wa zai ci gaba da ƙawata aduwar.

Ta harare ni. "Ƙawata? Ɗana, addu'ata kullum a rasa abin ratayawa."

Gobe in za ku kasuwa, jama'a, ku ɗauki kwando.