Shanu a Filin Lakwal

Har gobe ban manta da ranar da mai duba malamai ya iske shanu a filin kolej ɗinmu ba. Ku sababbin mushe, wato malaman lakwal, makarantar boko, ku matso ku ji.

Lokacin ina koyar da kimiyyar rai da ƙasa a wani kolej na ƙasar Keita, wajen Ibohamane. Ajina sankiyam ne, wato shekara ta biyu ta kolej. Na gaji da zana ƙasa a allo yara na hamma, sai na roƙi dirakte, shugaban kolej ɗin, ya ba mu faƙon da ke bayan azuzuwa mu gina rabin wata, ramukan nan masu tare ruwan sama. Yara su auna, su gina, su nemo taki da kansu. Dirakte ya yarda da ƙyar, ya ce: "Mushe Sani, in mai dubawa ya ce wasa kake, ranar nan za ka koma allo da alli." Wannan magana ta tsaya mini a rai, don na ga yaran sun fara son zuwa lakwal.

Ramu sunka ginu, sai taki ya gagara. Agali, ɗan makiyaya da bai taɓa ɗaga hannu a aji ba, shi ya tuna musu al'adar gida: bayan girbi manomi kan kira makiyayi ya zaunar da dabbobi a gonarsa. Ba su shawarce ni ba, sunka je sunka yi magana da kawunsa ya kawo shanunsa lakwal.

Wata Talata a watan Janairu na iso da safe, sai ga shanu kwance har bakin tutar lakwal, ga motar mai dubawa na shigowa. Wayyo ni Sani! Dirakte ya harare ni. Mai dubawa ya sauko da takalminsa baƙi wul mai ƙyalli, taku biyu ya yi, caɓal, cikin ɗanyen kashin saniya.

Ya ce: "Wannan kolej ne ko kasuwar dabbobi?"

Kafin in buɗe baki Agali ya fito, ya gaishe shi, ya ce takinsu ne suke tarawa don ramukan da sunka gina. Mai dubawa ya leƙa bayan azuzuwa, ya tambaye shi dalilin da bakin ramukan ya dubi tudu. Yaro ya ce daga can ruwa ke gangarowa, ya nuna yadda sunka gane gangaren da igiya da kwalbar ruwa, ya faɗi amfanin taki ga ƙasar da ta mutu. Da faransancinsa mai ɗingishi, amma bai tsaya ba. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Mai dubawa ya juya zai goge takalmi a gindin itacen bedi. Sai Rabi, shugabar aji, ta miƙa masa kara, ta ce: "Mushe, don Allah a kankare kashin cikin raminmu. Namu ne, kada a tai da shi."

Dirakte ya dafe kai. Mai dubawa ya dube ta, ya dubi takalmin, sai ya fashe da dariya. Ya tafi da ƙafa ɗaya yana ɗingishi har bakin rami, ya mayar mata da kayanta. Ya ce wa dirakte a bar mu mu ci gaba, amma shanu su koma bayan azuzuwa.

Da damina ta sauka dawa ta fito a faƙon nan. Abin da na koya shi ne, in ka ba yaro aikin da ya san nasa ne, ba sai ka bi shi da bulala ba. Yaran da ke mance littafi a gida, su ne sunka hana babban mutum fita da kashin saniyarsu.