Gidan Kaka a Kuroshiya

Da muka tare a unguwar Longsight, katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata tsohuwa 'yar ƙasar Kuroshiya. Kaka nake ce mata. 'Yarta tana aure a Birmingham, don haka ni ce mai raka ta wurin likita.

A bas take ba ni labarin gidan da aka haife ta, wani katafaren gidan gona na kaka da kakanni. Bene ne mai matakalar katako, da gonar inabi, da ɗan cocinsu inda ake binne 'yan gidan. Bayan yaƙi gwamnati ta karɓe shi tana ƙarama, dangi suka watse. Mahaifiyarta ta rasu kafin su fito, ita kuma ba ta sake komawa ba.

Wata bazara 'yar ta je ganin gidan, ta kira ta bidiyo. Ni na riƙe wa Kaka wayar.

Rufin ya rufta. Wata bishiya ta tsiro a tsakiyar falo har ta kere bango. Kaka ko gezau.

"Yi hagu," ta ce wa 'yar. "Ki hau sama."

"Mama, babu matakala. Ta ruɓe."

"To ɗaga wayar in ga tagar ƙarshe."

'Yar ta ɗaga. Taga ce ba gilashi, sai duhu a ciki. Kaka ta gyara zama, ta shafa sumarta, ta fara magana da yarensu cikin wata siririyar murya irin ta yarinya. Takan yi shiru kamar mai sauraro, sannan ta amsa.

Da aka katse, ta juyo gare ni.

"'Yata, kin ga yadda mahaifiyata ta rame?"

Sai na riƙe hannunta.

Da sanyi ya shigo 'yar ta ɗauke ta zuwa Selly Oak, unguwarsu a Birmingham, can ta rasu. Hukumar gari ta zuba wasu mutane a gidan da ta bari.

Ƙanena yana yawan cewa zai zagaya da ni tsohon gidanmu na Zariya ta waya, tunda yanzu ba kowa a ciki. Kullum sai in ce masa ina wurin aiki.